Wa Ke da Famfon da Ke Zuba a Jami'a?

A ƙasan benen da ofishina yake, a jami'ar da nake koyarwa, akwai wani famfo da ya yi makonni yana zuba dare da rana, kuma daidai samansa an manna wata takarda mai kyawun rubutu da ke roƙon jama'a su yi tattalin ruwa. Ɗalibai suna wanke hannu a wurin kafin su shiga aji, malamai suna wucewa ta gabansa da takardu a hammata, ni ma ina wucewa aƙalla sau huɗu a rana, amma babu ɗayanmu da ya ji cewa gyaran famfon ya rataya a wuyansa. Ruwan ya yi ta bin gindin bango har gansakuka ta fito, siminti ya yi baƙi, daga baya kuma wani ya kawo bulo biyu ya ajiye domin masu wucewa su riƙa takawa kada takalmansu su jiƙe. Wannan bulon ne ya fi tsaya mini a rai, domin ya nuna cewa akwai wanda ya ga matsalar, ta dame shi, har ya yi ɗawainiyar ɗauko bulo daga wani wuri, sai dai iyakar abin da yake jin yana da ikon yi ke nan.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 11,000 a shekara, namu kuwa ya wuce ɗiga, tsiyaya yake yi. Duk wanda ya bi ta wurin ya san ɓarna ce, kuma da yawa daga cikin masu wucewar za su iya cika shafi goma a kan ƙarancin ruwa da sauyin yanayi idan aka tambaye su a jarrabawa. Tun daga lokacin na daina yarda da bayanin da muka saba yi wa juna a taruka, wai babbar matsalarmu ita ce rashin wayar da kan jama'a. Kan mutanen jami'a a waye yake. Abin da suka rasa shi ne hanyar da saninsu zai bi ya zama aiki, da kuma tabbacin cewa idan sun yi magana wani abu zai canza.

Jami'a gari ce guda. Tana da dubban mazauna, tana shan wuta da ruwa, tana fitar da shara, tana da tituna da motoci da filaye da itatuwa. Sai dai ta bambanta da sauran garuruwa ta fuska biyu waɗanda suka shafi wannan magana kai tsaye. Ta farko ita ce duk shekara wani babban kaso na mazaunanta yana tattara kayansa ya tafi, baƙi su maye gurbinsa. Ta biyu kuma ita ce kusan babu mazaunin da ya taɓa ganin takardar kuɗin wuta ko ta ruwa da idonsa, domin ofishi guda ne ke biya a madadin kowa. Mutumin da ba ya daɗewa a wuri, kuma ba ya ganin abin da zamansa ke ci, yana da wuya ya ɗauki wurin a matsayin nasa, komai kyawun halinsa.

Shugabannin jami'o'i sun daɗe da ɗaukar alkawari a kan muhalli. A shekarar 1990 shugabanni 22 suka hallara a garin Talloires na ƙasar Faransa bisa gayyatar Jean Mayer, shugaban Jami'ar Tufts ta Amurka a wancan lokaci, cikinsu har da na wasu jami'o'in Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, suka sa hannu a kan wata sanarwa mai ƙudurori goma wadda ta ɗora wa jami'o'i nauyin koyar da kula da muhalli da kuma aikata shi a harabarsu. Daga baya fiye da jami'o'i 500 sun bi sahu. A 2010 Jami'ar Indunusiya ta fara fitar da jerin GreenMetric, wanda ke auna jami'o'in duniya a kan makamashi da shara da ruwa da sufuri da filaye da koyarwa, sannan a 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17, waɗanda jami'o'i da dama suka shigar cikin tsare-tsarensu. Ba na raina ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin sa hannun shugaba yana ba na ƙasa hujjar da za su riƙe idan sun je neman abu. Amma na ga yadda alkawari ke tsayawa a ofishin shugaba, a naɗa kwamiti, a ba wani jami'i aikin cika fom sau ɗaya a shekara, jami'a ta samu gurbi a jeri, alhali labarin bai taɓa saukowa ƙasan bene inda famfo ke zuba ba.

Akwai wani bincike da nake yawan ambata wa abokan aikina masu son a ƙara buga takardun faɗakarwa. Wasu masana tattalin arziki biyu, Johan Egebark da Mathias Ekström, sun yi gwaji a wata babbar jami'a a ƙasar Suwidin a kan takardar da ma'aikata ke bugawa. An aika wa ma'aikatan saƙo ana roƙonsu su riƙa buga takarda gaba da baya saboda muhalli, amma saƙon bai rage komai ba. Da aka saita injinan yadda za su riƙa bugawa gaba da baya da kansu, sai dai in mutum ya zaɓi akasin haka, sai takardar da ake kashewa ta ragu da kimanin kashi 15 cikin 100, kuma raguwar ta ɗore watanni bayan haka. Abin da na ɗauka daga nan shi ne akwai kaso na aikin da yake wuyan hukuma ita kaɗai, wato ta tsara abubuwa yadda abin da ya dace zai fi sauƙin yi, kuma bai kamata ta jibga wa ɗalibai da ma'aikata wannan kaso ta hanyar wa'azi ba. Sauran kason, wanda ya fi girma, shi ne yake buƙatar hannun mutane, kuma a kansa marigayiya Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta shafe rayuwarta tana bincike. Ta bi diddigin makiyaya da dazuzzuka da hanyoyin ban ruwa da al'ummomi ke tarayya a kansu a ƙasashe kamar Suwizalan da Japan da Sifen da Nepal, ta gano cewa kayan tarayya suna ɗorewa ne a inda masu amfani da su ke da baki wajen kafa dokokinsu, kuma masu sa ido suka fito daga cikinsu ko suke ba su bahasi. Ruwan jami'a da wutarta da itatuwanta kayan tarayya ne, amma mu kan tafiyar da su kamar kayan wani maigida da ba a taɓa gani ba.

Ranar da na gaji da taka bulo, sai na nufi sashen ayyuka na tarar da dattijon da ke gyaran famfo yana zaune a bakin sito yana goge wata sifana.

Na ce, “Sannu da aiki, Baba. Famfon nan na ƙasan benenmu, ko ba a sanar da ku ba ne?”

Ya ce, “Yauwa Malam, sannunka. Ai na san shi tun ranar da ya fara. 'Yar robar cikin kan ce ta cinye, aikin minti goma ne. Amma ba ni da ikon taɓa shi sai takarda ta sauko daga ofis, in ta sauko kuma sai an rubuta wata kafin a fitar da kayan daga sito.”

Na tambaye shi ko akwai wasu wuraren irin wannan, sai ya fara lissafo mini su da yatsu, gini bayan gini: tankin da ke ambaliya duk asuba saboda abin da ke tsayar da ruwa idan ya cika ya karye, bututun da ya fashe a ƙarƙashin ƙasa a bayan ɗakunan kwanan ɗalibai inda ciyawa ke kore ko da rani, da banɗakin da ruwansa ke gudu tun zangon karatun da ya wuce. Taswirar duk ɓarnar ruwan jami'ar tana cikin kansa. Da na ce ko an taɓa kiransa zaman kwamitin muhalli, sai ya ce bai ma san akwai shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa mun yi shekaru muna zama a kan yoyon ba tare da mun gayyaci mai ɗakin ba.

Idan aka ce a jawo ma'aikata cikin aikin muhalli, yawancinmu malamai muke nufi, ko manyan jami'an gudanarwa. Amma waɗanda makullai ke hannunsu su ne masu shara da masu gadi da masu gyaran wuta da famfo da masu ban ruwa da direbobi da masu kula da ɗakunan kwana da ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje. Mai gadi shi ne ya san ginin da fitilunsa ke kwana a kunne. Mai shara ita ce ta san abin da ke cika kwandon kowane sashe, kuma ita ce ta san cewa sharar da ɗalibai suka wahala suka rarraba, roba daban takarda daban, ana haɗe ta a mota ɗaya idan an zo kwashewa, wanda shi ne abu mafi saurin kashe wa mutane gwiwa. Waɗannan mutane su ne suka fi kowa daɗewa a jami'a, wasunsu sun ga shugabanni huɗu ko biyar sun zo sun wuce. Jawo su yana nufin a ba su kujera a inda ake yanke shawara, a sa zaman a cikin lokacin aikinsu maimakon bayan sun tashi, a yi magana da harshen da suke sakin jiki da shi, a ba mai gyara ikon yin ƙananan gyare-gyare ba tare da jiran takarda ba, sannan idan an samu nasara a ambaci sunan sashensu a gaban jama'a kuma abin ya shiga lissafi lokacin ƙarin girma. Akwai kuma abin da ya kamata a yi hattara da shi: sau da yawa sabon tsarin muhalli ƙarin aiki ne a kan mafi ƙarancin albashi, kamar a ce mai shara ta riƙa tsince roba daga cikin ƙazanta ba tare da safar hannu ba. Tsarin da aka gina a kan haka zalunci ne, kuma ba ya daɗewa.

Na koyi wannan darasi a karo na biyu daga itatuwa. Wata shekara na jagoranci ɗalibai muka yi dashe a wani fili da ke tsakanin tsangayoyi biyu. An yi jawabai, an ɗauki hotuna, kowa ya tafi da farin ciki. Makonni kaɗan bayan haka aka yi jarrabawa, ɗalibai suka tafi dogon hutu, da muka dawo sai muka tarar da busassun tsinke a mafi yawan ramukan. Na yi baƙin ciki ƙwarai, kuma laifin nawa ne, domin ban tambayi mai kula da lambun jami'a komai ba kafin mu fara. Da na same shi daga baya, ya gaya mini cewa mun yi dashen a lokacin da bai dace ba, irin da muka zaɓa yana son ruwa fiye da abin da filin ke samu, ba mu yi wa ko ɗaya kariya daga dabbobi ba, kuma babu wanda ya sanar da shi cewa ban ruwan zai dawo kansa, balle a ba shi tiyo mai tsawon da zai kai wurin. Wangari Maathai, wadda ta koyar a Jami'ar Nairobi kafin ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa ta Green Belt a Kenya a 1977, ta gane wannan tun da wuri, shi ya sa ƙungiyarta take ba matan karkara ɗan ihisani a kan dashen da ya rayu maimakon wanda aka binne kawai. Ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004. Tun daga wancan fili nake ganin duk jami'ar da ke son ta san gaskiyar aikinta ta ƙidaya itatuwan da suka kai shekara biyu a raye, kuma ta rubuta sunan wanda zai ba kowanne ruwa a lokacin hutu tun kafin a haƙa rami.

Su kuwa ɗalibai, abin da suke da shi da yawa shi ne kuzari da yawan jama'a, abin da suke da shi kaɗan kuma shi ne lokaci. Hanya mafi sauri da na sani ta kama hankalinsu ita ce a nuna musu alƙaluman wurin da suke kwana. A 2005 Kwalejin Oberlin da ke jihar Ohio a Amurka ta shirya gasar mako biyu tsakanin ɗakunan kwanan ɗalibanta a kan rage shan wuta da ruwa. Shan wuta ya ragu da kashi 32 cikin 100 gaba ɗaya, amma gine-ginen da aka ba damar ganin abin da suke sha nan take a intanet sun rage kashi 55, yayin da waɗanda ake karanta musu mita sau ɗaya a mako suka rage kashi 31. Ruwa kuwa kashi 3 kawai ya ragu, wanda a ganina yana nuna cewa akwai iyakar abin da canza hali kaɗai zai iya yi. Gani ya kori ji. Ɗalibin da aka ce masa duniya tana ɗumama zai gyaɗa kai ya wuce, amma wanda aka nuna masa cewa benensu ya ninka na maƙwabtansu a shan wuta a makon jiya zai koma ya duba wa ya bar fanka da fitila a kunne. Wannan ba ya buƙatar na'urori masu tsada. Mita ɗaya a kowane gini, da ɗalibai biyu masu karanta ta duk mako tare da mai gyaran wuta, da allo a bakin ƙofa inda ake rubuta lambar, sun isa a fara. Sai dai gasa tana da raunin da ya kamata a faɗa: zafinta yana sanyi idan an raba kyauta, saboda haka allon ne ya kamata ya zauna ko bayan an gama gasar.

Abin da ya fi gasa ɗorewa shi ne a ba ɗalibai ofis na gaske. A 2010 ɗaliban Jami'ar Maastricht da ke ƙasar Holan suka shawo kan hukumar jami'arsu ta kafa wani ofis da suka kira Green Office, wanda ɗalibai ke tafiyarwa tare da goyon bayan ma'aikata, yana da ɗaki da kasafin kuɗi da izinin aiki daga hukuma, kuma ana biyan ɗaliban da ke aiki a cikinsa na 'yan sa'o'i a mako. Tsarin ya bazu zuwa jami'o'i da dama a Turai da wajenta. Maganar biya tana da muhimmanci a wurina fiye da yadda ake ɗauka, domin idan aikin muhalli ya zama na sa kai zalla, to ya zama na waɗanda ke da sararin yin aiki kyauta, ɗalibin da ke neman abin da zai riƙe kansa bayan darasi kuwa an rufe masa ƙofa ke nan. Amfani na biyu na irin wannan ofis shi ne yana riƙe tarihi. Na ga ƙungiyoyin ɗalibai masu kyau sun mutu ranar da shugabanninsu suka kammala karatu, sababbi suka zo bayan shekara biyu suka fara daga tushe, suka maimaita kurakuran da aka riga aka yi. Ɗalibi yana tafiya bayan shekara huɗu ko biyar, ma'aikaci yana zama shekara ashirin ko talatin, don haka duk aikin da aka ɗora a kan ɗaya daga cikinsu kaɗai zai rasa ko dai ƙarfi ko kuma ɗorewa. Kowane aiki yana buƙatar ɗalibi mai tura shi da ma'aikaci mai riƙe shi.

Malamai kuma suna da wata dama da ba su cika amfani da ita ba. Duk shekara dubban ɗalibai suna rubuta kundin kammala karatu a kan matsalolin wurare masu nisa, alhali harabar da suke zaune cike take da tambayoyin da ba a amsa ba. Ɗalibin injiniya zai iya auna wutar da ɗakin karatu ke sha, na akanta ya lissafa shekarun da sauya ƙwayayen fitila zai ɗauka kafin ya mayar da kuɗinsa, na nazarin halittu ya ƙidaya itatuwa da tsuntsaye, na nazarin zamantakewa ya binciki dalilin da ya sa mutane ba sa kai rahoton abin da ya lalace. Idan aikin muhalli ya shiga cikin abin da ake ba maki a kansa, ya daina gogayya da karatu a kan lokacin ɗalibi. Sharaɗin kawai shi ne sashen ayyuka ya buɗe takardunsa, kuma a miƙa masa sakamakon binciken maimakon a ajiye kundin a kanta ƙura ta rufe shi.

Akwai wurin da mu malamai ba mu cika son a taɓa ba, wato ɗakunan gwaje-gwaje, waɗanda ke shan makamashi ninki da yawa fiye da ofisoshi masu girmansu. Akwatin zuƙe tururin sinadarai guda ɗaya, idan aka bar murfinsa a buɗe, yana iya cin makamashin da ya kai na gidaje uku a Amurka, saboda yana fitar da iskar da aka kashe wuta wajen sanyaya ta ko ɗumama ta. Sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Harvard ya fara gangamin sauke wannan murfi tun 2005, inda ake nuna wa kowane ɗakin gwaji alƙalumansa ana kuma gwada shi da na sauran. Firizar da ke ajiye samfuri a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili tana shan wutar da ta kai ta gida guda, kuma mayar da ita digiri 70 ƙasa da sifili yana rage abin da take sha da kusan kashi 30 cikin 100, ga samfura da dama kuma wannan sanyin ya wadatar. Babu shugaban jami'ar da zai iya ba da wannan umarni daga ofis, domin mai binciken da ya shekara yana tara samfuransa ba zai yarda baƙo ya taɓa masa firiza ba, kuma yana da gaskiya. Ma'aikacin ɗakin gwajin da suka amince da shi, wanda ya san abin da ke cikin kowane akwati da wanda mai shi ya bar jami'a tuntuni, shi ne zai iya.

Duk wannan yana komawa ga tambayar da mutane ke yi a zuci ko da ba su furta ba: idan mun rage, ina rarar take zuwa? Sashen da ya yi tattalin wuta bai ga ko sisi ba, wanda ya yi almubazzaranci bai rasa komai ba, to da wane dalili wani zai dage? Wasu jami'o'i sun amsa wannan da asusu mai juyawa. Harvard tana da irinsa na miliyoyin daloli, wanda ke ba sassa kuɗin ayyukan rage shan wuta da ruwa, sannan a mayar da kuɗin daga rarar da aikin ya haifar domin a ba wani. Girman kuɗin ba shi ne abin koyi ba, tsarin ne, kuma ana iya yin sa da ɗan abin da ke akwai. Ni zan ƙara da cewa a bar wa ginin da ya yi tattalin wani kaso na rarar, mazaunansa su zaɓi abin da za a yi da shi, ko gyaran banɗaki ne ko ƙarin kujerun karatu, kuma a manna lissafin a fili kowa ya gani.

Sai maganar amana, wadda in babu ita sauran duk aikin banza ne. Ba za a ce wa ɗalibin da ke ɗaukar bokiti yana neman ruwan wanka ya yi tattalin ruwa ba alhali yana ganin ana wanke motocin manya da tiyo a sake. Ba za a roƙi ɗakunan kwana su kashe fanka ba alhali na'urar sanyaya ɗaki tana aiki a ofishin da mai shi ya yi tafiya. Ɗalibai suna lura da waɗannan abubuwa fiye da yadda muke zato, kuma da su suke auna gaskiyar kowace sanarwa. Haka kuma duk hukumar da ta gayyaci ɗalibai cikin wannan aiki ta shirya jin tambayoyin da ba za su yi mata daɗi ba, domin wanda aka koya wa karanta mita zai tambayi kwangilar da aka bayar da ginin da aka sare itatuwa dominsa da inda jami'a ke zuba jarinta. Matsin lambar ɗalibai ne ya sa Jami'ar Glasgow a 2014 ta zama ta farko a Turai da ta yi alkawarin janye jarinta daga kamfanonin man fetur da gas da kwal. Mutum yana iya yarda da wannan mataki ko ya ƙi, amma ba daidai ba ne a kira ɗalibai ranar tsintar leda sannan a rufe musu ƙofa ranar da ake maganar kasafi.

Famfon ƙasan benenmu an gyara shi kwana biyu bayan hirarmu da dattijon, bayan na bi takardar da ƙafata daga tebur zuwa tebur, kuma aikin bai wuce minti goman da ya faɗa ba. Abin da ya biyo baya shi ne na fi so in ba da labari. Shugaban sashenmu ya amince aka saya wa mai gyaran akwati ɗaya na ƙananan kayan famfo, shugaban sashen ayyuka kuma ya ba shi izinin yin ƙananan gyare-gyare a gininmu ba tare da jiran takarda ba, sai dai ya rubuta abin da ya yi daga baya. Muka ajiye littafi a teburin mai gadi, duk wanda ya ga abin da ya lalace ya rubuta rana da wuri, mai gyara kuma ya sa hannu a gefe ranar da ya gyara. A makonnin farko shafin ya zauna kusan fari, amma da mutane suka ga layi biyu na farko sun samu sa hannu, sai rubutu ya fara yawa, har mai sharar benen sama ta sa wata ɗaliba ta rubuta mata fitilun da ke kwana a kunne. Ɗalibai biyu ne ke duba littafin duk ƙarshen mako su bi sawun abin da ya makale, kuma dukansu suna ajin ƙarshe. A zangon nan na roƙe su kowannensu ya ɗauko ɗan aji biyu ya riƙa zagayawa da shi, ya kai shi sito ya gabatar da shi ga Baba, kafin lokacin jarrabawa ya zo.